Gwazan Ado a Gindin Mangwaro: Bayanin Aikin Lambu, 2024 Zuwa 2025

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Yau na fara wannan rubutu domin in riƙa ajiye bayanin aikin da na sa a gaba a kusurwar gidanmu da ke Yelwa, a nan Bauchi, inda tsohon mangwaro ya haɗu da katangar kudu suka yi inuwar da ta hana mu amfanin wurin shekara da shekaru. Na taɓa dasa tumatir a can, ya yi tsawo ya kwanta bai ba da ko ɗa ɗaya ba. Uwargida ta yafa alayyafo, ya fito siriri ba kuzari, har muka haƙura muka mai da wurin ma'ajiyar ragowar bulo da fasassun bokitai. Abin da nake nema yanzu shi ne shukar da take son inuwa tun asalin halittarta, wadda kyanta a ganye yake ba a fure ba, kuma wadda za ta riƙa dawowa kowace damina ba sai an sayo sabuwa ba.

Da fari hankalina ya tafi ga wata shuka mai suna hosta, wadda na sha ganin hotunanta a lambunan Ingila da Amurka. Da na bi diddigi sai na gane ba tamu ba ce. Asalinta Japan da Koriya da Sin, kuma ba ta sake toho da ƙarfi sai ta yi makonni tana barci a cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa, abin da hunturun Bauchi ba ya kaiwa ko a daren da ya fi tsanani. Saboda haka na koma ga kaladiyum, wanda a gida muka raɗa wa suna gwazan ado, domin dangi ɗaya suke da gwazan da muke ci, kuma sunan nasa ma daga kalmar keladi ta harshen Malay aka samo shi, wadda take nufin gwaza. Gidansa na asali dazuzzukan Kudancin Amurka ne, musamman Barazil da yankin kogin Amazon, inda yake tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yana bin damina da rani: idan ruwa ya sauka ya toho, idan ya ɗauke ya zubar da ganye ya koma cikin ƙwayarsa ta ƙarƙashin ƙasa. Kalandarsa da tamu ba su saɓa ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, 2024

Na je wurin wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titin Jos, wanda ya yi shekaru yana wannan sana'a. Ba shi da ko ɗaya mai ganye a wannan lokaci na bazara, sai ya janyo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin benci ya zazzage mini ƙwayoyin a kan buhu. Wanda bai sani ba zai ɗauka busasshen ƙanƙanin gwaza ne da aka manta a kasuwa. Ya nuna mini yadda ake zaɓe: a matsa da yatsa, in ta yi tauri tana da rai, in ta lotsa ko ta yi sakayau a hannu to ta tashi daga aiki. Na ɗauki goma sha huɗu, shida jajaye, biyar farare, uku masu ɗigo-ɗigo, bisa shaidarsa kawai, domin a ido duk kamarsu ɗaya.

Da zan tafi ya kira ni ya ce, “Ɗana, ka riƙe wannan. In ka ga ya kwanta da kaka, ba mutuwa ya yi ba, barci yake. Yawancin masu dawo mini da kuka, da ruwa suka kashe nasu.” Na ce, “To, Baba, na ji,” kuma na rubuta maganar a nan don kada ta shige mini.

A gida Inna ta juya ƙwaya ɗaya a hannunta, ta shinshina, ta tambaye ni yaushe ake haƙa a dafa. A Dass ta tashi, kuma ta yi noman gwaza tun tana yarinya. Da na gaya mata ba a ci, sai ta ce, “Babana, gwazan da ba a ci, a gidan da yara suke?” Tambayar tata tana da nauyi, kuma ban ba ta cikakkiyar amsa ba yau.

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Yinin yau gaba ɗaya a gyaran ƙasa ya tafi. Da na sa fartanya a gindin mangwaron, ban yi nisan taƙi ɗaya ba na tarar da saiwoyinsa sun saƙa kansu kamar taru, sai na fahimci ba inuwa kaɗai ta kashe tumatirin ba, har da yunwa da ƙishirwa, domin itacen ne yake shanye duk abin da aka zuba. Ban sare manyan saiwoyin ba. Na jera ragowar bulon nan na yi fangali mai tsawon mita huɗu da faɗin mita ɗaya, tudunsa kamar santimita 25, ya taso daga gindin itacen ya bi jikin katanga ya nufi yamma, ta yadda rabinsa yana ƙarƙashin rassa, rabinsa kuma katanga ce kaɗai garkuwarsa.

Haɗin ƙasar kuwa, kashi biyu baƙar ƙasar fadama, kashi ɗaya kashin shanu da ya shekara ya ruɓe sarai, kashi ɗaya yashin rafi da ɓuntun shinkafa. Manufar ita ce ƙasa ta riƙe danshi amma kada ta riƙe ruwa, kuma waɗannan abubuwa biyu ne daban. Uwargida ta kawo mini tokar murhu in haɗa kamar yadda muke yi wa kuɓewa, na ajiye ta gefe, domin gwazan ado ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka kuwa tana kashe tsamin ƙasa. Ba zan shuka ba sai ruwan sama ya zauna, saboda a wannan zafi ban ruwa da jarkokin 'yan garuwa ba abin da aljihu zai ɗauka ba ne.

Asabar, 18 ga Mayu, 2024

An yi ruwa sau biyu a cikin makon nan, ƙasa ta jiƙu har ciki, don haka da safe na shuka. Kowace ƙwaya tana da gefe mai ƙuraje, inda idanun toho suke, da gefe mai santsi. Mai ƙurajen shi yake kallon sama. Zurfin rami santimita huɗu zuwa biyar, tazara kamar santimita 30. Wannan shuka ba ta motsawa sai ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 21 a ma'aunin Celsius, wanda a ƙasashen sanyi ake jira da ɗoki, mu kuwa a watan Mayu mun wuce nan da nisa.

Na yi gwaji guda. Masu noman wannan shuka sukan ƙwaƙule babban idon tsakiya da bakin wuƙa, domin shi ne yake danne ƙananan idanun da ke kewaye da shi, in an cire shi sai su farka gaba ɗaya. Na yi wa shida haka tun jiya, uku jajaye uku farare, na bar raunin ya sha iska ya bushe kafin su shiga ƙasa, sauran takwas kuma na bar su yadda suke. Fararen na jera su a ɓangaren katanga don su haska wurin, jajaye da masu ɗigo a gindin itace. Na kafa tsinke a kan kowane rami, na rufe fangalin da busasshen ganyen mangwaro.

Asabar, 1 ga Yuni, 2024

Tara sun fito, kowanne kamar tsinin mashi, ganyen a naɗe. Masu ɗigo ne suka riga kowa. Waɗanda na cire wa ido suna baya, amma inda suka leƙo, tsini uku ko huɗu ne a rami ɗaya.

Asabar, 22 ga Yuni, 2024

Hidimar Babbar Sallah, wadda ta kama ranar 16 ga wata, da baƙin da suka biyo bayanta sun ɗauke mini hankali kwana biyar, kuma da na dawo kan fangalin na tarar da ɓarna. Goma sha uku ne suka tsiro, fari ɗaya bai fito ba. Amma fararen huɗu da suke jikin katanga duk sun ƙone: tsakiyar ganyen ta yi ruwan ƙasa kamar takardar da aka kusantar da wuta, wasu wuraren sun huje, gefuna sun naɗe. Na gindin mangwaro kuwa lafiyarsu ƙalau.

Na zauna a wurin daga hantsi har azahar ina kallon inda inuwa take faɗuwa, sai na ga kuskuren da na yi tun a zaɓen wuri. Lokacin da na riƙa lura da wannan kusurwa, hunturu ne, rana tana ratsawa ta kudu, katangar kudu kuma tana jefo doguwar inuwa cikin gida yini guda. Amma Bauchi tana wajen digiri 10 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana wucewa tsaye a kanmu sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, kuma a tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take bi. A makon nan ma ta kai iyakar karkatarta arewa. Wato inuwar katangata a yanzu waje take faɗawa, a kan titi, fuskar da na jera fararen kuwa tana shan rana tun fitowarta har faɗuwarta. Shawarar da na sha karantawa cewa a dasa masu son inuwa a arewacin bango, shawarar mutanen Turai ce, inda rana ba ta taɓa bi ta arewa da tsakar rana. A ƙasarmu, a daidai damina, ba ta aiki.

Kuma na sa mafi rauni a wuri mafi zafi. Farin ganye fari ne saboda ƙarancin koren sinadarin da ganye yake sarrafa hasken rana da shi, ga shi siriri, shi ya sa ya fi saurin ƙuna, jajayen sun fi shi juriya. Da la'asar muka kafa sanduna huɗu ni da ƙanena, muka ɗora zana a tudun mita ɗaya da rabi, muka saki gefenta ta yamma ya sauko kaɗan. Zana ta fi kwano dacewa, domin tana tace haske ba ta toshe shi, kuma ruwan sama yana ratsa ta. Ganyayen da suka ƙone fiye da rabi na yanke su daga tushe.

Asabar, 13 ga Yuli, 2024

Mako uku a ƙarƙashin zana sun wadatar. Fararen sun fitar da sababbin ganye, kuma yau ne karo na farko da na ga abin da na yi wannan wahala dominsa. Farin ganyen kamar farin yadi mara kauri yake, jijiyoyinsa kore shar sun zana shi, in ka sa yatsa a bayansa kana hango inuwar yatsan. Ya yi kama ƙwarai da wani tsohon iri da ake kira Candidum. Jajayen tsakiyarsu launin zoɓo ce, ja ya bi jijiyoyi ya tsaya kafin baki, bakin kuma kore. Masu ɗigo kore ne da aka yayyafa wa ja da fari, babu ganye biyu masu zane ɗaya, kuma iri ne da ake gani a gidajen Najeriya. Da asuba akwai ɗigon ruwa a tsinin kowane ganye, ba raɓa ba ce, ruwa ne da shukar take fitarwa da kanta idan ƙasa ta ƙoshi iska kuma tana da laima. Bayan sallar asuba nan nake tsayawa kafin in shiga ɗaki.

Sakamakon gwajin ya bayyana. Waɗanda na cire wa ido sun yi ganye da yawa, gajeru, matsakaita, sun cika wurinsu sun rufe ƙasa. Waɗanda na bari sun yi ganye kaɗan amma manya, dogayen wuya, wani ya fi tafin hannuna biyu. A ganina na gaban fangali ya kamata a cire wa ido, na baya a bar su su yi tsawo, kuma haka zan tsara baɗi in Allah ya kai mu.

Biyu daga jajayen sun yi fure, wani kore-kore mai kama da kunne da ɗan sanda a ciki, irin na dangin gwaza. Ba shi da wani kyau kuma yana cin abincin da ya kamata ya tafi ga ganye da ƙwaya, sai na tsinke. Taki kuwa, ƙaramin cokali ɗaya na NPK 15-15-15 ga kowane tushe, nesa da kara, sau ɗaya a wata. Yuriya ban kusantar da ita ba, domin yawanta yana rinjayar da ganyen zuwa kore ya dushe launin. Wani abin da ya ba ni mamaki a karatuna shi ne yawancin ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwannin duniya a kewayen wani ƙaramin gari ake noma su, Lake Placid a jihar Fulorida ta Amurka, har suna yi wa shukar biki duk shekara.

Asabar, 27 ga Yuli, 2024

Abin da Inna ta hango ya faru, Allah ya taƙaita. Ranar Laraba autanmu mai shekara uku ya tsinki jan ganye ya murtsuke shi a hannu, ya shafa a wuya, nan take ya fara kuka yana susa. Uwarsa ta wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, kafin magariba ƙaiƙayin ya lafa. Bai kai baki ba, kuma wannan ne abin godiya. Duk jikin wannan shuka, ganye da kara da ƙwaya, yana ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyum okzalet, su ne masu sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. In yaro ya tauna, baki da harshe suna zafi su kumbura. A kurkure masa baki a ciro ragowar, in kuma kumburin ya taɓa haɗiya ko numfashi a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Awaki da kyanwa ma haka yake yi musu.

Na je na sami Inna na ce, “Inna, maganarki ce ta fito.” Ba ta ce in tuge ba. Ta ce a gonarsu ma ba a bar yara su yi wasa da ganyen gwaza ba, shinge ake yi a kuma koya musu. Jiya na kewaye fangalin da ragar waya mai tsayin mita ɗaya, da 'yar ƙofa mai sakata a sama. Wannan shingen ya kamata ya riga shukar zuwa, kuma duk mai yara ƙanana da zai dasa gwazan ado, da shi ya kamata ya fara.

Asabar, 24 ga Agusta, 2024

Marka ta zauna, kwana huɗu a jere rana ba ta fito sosai ba. Agusta ne watan da Bauchi ta fi samun ruwa, kuma a nan ne rauni na biyu na fangalin ya fito. Ƙarshensa na yamma ya fi gangare, ruwan da yake zubowa daga kan katanga da na tsakar gida duk a nan suke taruwa su kwana. Na lura da tushe uku sun yi laushi, ganyensu ya sunkuya alhali ƙasa jiƙe take sharkaf, kuma wannan alama ce da ba ta ruɗi: shukar da ta yi yaushi cikin ruwa, saiwarta ce ta ruɓe. Da na tona, ƙwayoyin sun zama kamar dafaffen dankalin da ya kwana, da wari. Farare biyu da ja ɗaya suka tafi. Saura goma.

Na kwashe ƙasar ramukan uku na zubar waje, na zare bulo biyu daga ƙasan jerin don ruwa ya sami mafita, na haƙa 'yar lambatu zuwa magudanar gida, na kuma janye ganyen da na rufe ƙasa da shi har sai marka ta wuce. Fararen biyu da suka rage na ɗaga su da ƙasarsu na mai da su wuri mai tudu.

Akwai kuma wata ƙatuwar koriyar tsutsa mai ƙaho a wutsiya, wadda take cinye ganye guda a dare ɗaya ta bar kara tsaye. Baƙin kashinta a kan ganyen ƙasa shi yake tona mata asiri. Da sassafe nake bin bayan ganye ina tsince su da hannu. Saboda fara da ƙananan ƙwari kuma na daka 'ya'yan dogon yaro, na jiƙa suka kwana, na tace na fesa da yamma. Maganin feshi na kanti ban ga dalilinsa ba a kan tushe goma.

Asabar, 28 ga Satumba, 2024

Rana ta koma kudu, inuwar katanga ta dawo cikin gida, na sauke zana na naɗe. Ganyaye suna nan da kyau amma sababbi sun rage fitowa. Na daina taki. Maƙwabciyarmu Hajiya ta leƙo ta roƙi iri, na ce ta yi haƙuri sai bazara.

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Ruwa ya ɗauke, iska ta fara bushewa, kuma a cikin kwana goma fangalin ya canza kama. Wuyan ganyaye ya saki, suka kwanta a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, launi ya koɗe ya koma rawaya. Duk da gargaɗin dattijon nan da na rubuta da hannuna a Afrilu, na yi mako guda ina zuba musu ruwa safe da yamma, domin zuciya ba ta yarda ta ga abin da ta rena wata biyar yana kwanciya ta naɗe hannu. Ruwan bai tayar da ko ganye ɗaya ba.

Inna ce ta tsayar da ni. Ta ce, “Babana, gwaza in ya sunkuyar da kai, abincinsa yake mayarwa ƙasa. Ka bar shi.” Abin da ta sani daga gona shi ne daidai abin da masana suke faɗa: ganyen da yake bushewa yana sauke abincin da ya tara zuwa cikin ƙwaya, saiwoyi sun daina sha, kuma duk ruwan da aka zuba a wannan hali yana kwanciya ne a jikin ƙwayar ya ruɓar da ita. Saboda wannan dalili ba a yanke ganyen da ya yi rawaya, sai ya bushe ƙamas ya rabu da kansa. Na ajiye butar ban ruwa tun ranar Lahadi. A duk aikin nan, wannan ne ya fi yi mini wuya.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Ganye ya bushe gaba ɗaya. Na rasa wanda zan bi tsakanin masu cewa a bar ƙwaya a ƙasa tunda ba mu da ƙanƙara, da masu cewa a haƙe, sai na raba: masu ɗigo uku da ja ɗaya na bar su a gindin mangwaro da tsinkensu, jajaye huɗu da farare biyu na haƙe da hannu da ɗan itace don kada fartanya ta ji musu rauni. Jajayen sun ninka girmansu sun kuma yi 'ya'ya a gefe, fararen ba su ƙaru sosai ba, abin da bai ba ni mamaki ba ganin ƙunar da suka sha da ƙarancin korensu. Manya da ƙanana, shida sun zama goma sha bakwai.

Ban wanke su ba. Na shanya su a baranda, a inuwa, za su yi kwana goma, sannan in kakkaɓe ƙasar in jera su a kwali cikin busasshen ɓuntun shinkafa, kada wata ta taɓa wata. Leda ba ta dace ba, tana tara gumi. Kwalin a cikin ɗaki zai zauna, a kan kabad inda yara ba sa kaiwa, ba a sito mai buɗaɗɗiyar taga ba, domin ƙwayar tana cutuwa in ta daɗe a sanyin da ya gaza digiri 15, daren Disamba da Janairu kuwa a Bauchi yakan sauka ƙasa da haka. Na rubuta launin kowane rukuni a jikin takarda.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe gari, fangalin ƙura ce kawai da tsinke huɗu. Na buɗe kwalin na matsa kowace ƙwaya. Biyu daga ƙananan sun motse sun zama fanko, na fitar da su, sha biyar suna nan da taurinsu. Waɗanda na bari a ƙasa kuwa, ban ba su ko ɗigo ba tun Oktoba.

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Mun yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadin da ta wuce, zafin bazara ya kai maƙura. Da na buɗe kwalin na ga idanun sun kumbura sun yi ja-ja, wasu har sun tsawaita, alhali ba ruwa ba ƙasa. Ɗumi kaɗai ya tashe su. Manyan jajaye huɗu na yanka su da wuƙar da na ƙona a wuta, uku gida biyu-biyu, babbar gida uku, kowane yanki da idonsa aƙalla ɗaya. A nan tokar da na ƙi a bara ta yi amfani, domin da ita na shafe fuskar yankan na bar su kwana uku su yi ɓawo. Na sa leda a hannu saboda ƙaiƙayi. Lissafi ya kai ashirin. Na cika wa Hajiya alkawari da jajaye huɗu, na kuma gaya mata zancen shinge kafin zancen taki, tunda jikokinta suna wuni a gidan. Fararen ban yanka ko ɗaya ba, ba su kai ba.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Bayan ruwa na biyu, masu ɗigo ukun da suka yi wata shida a busasshiyar ƙasa sun fito da kansu, kowanne da tsini fiye da na bara, kuma Inna ce ta fara ganinsu ta aiko a kira ni. Jan da na bari tare da su bai fito ba. Na tona na tarar gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Daga ƙwaya ɗaya ba za a yanke hukunci ba, amma bana masu ɗigo kaɗai zan bari a ƙasa, jajaye da farare zan ci gaba da haƙewa.

Na ƙara yashi a ƙarshen fangalin na yamma na ɗaga shi da bulo ɗaya, na kafa zana tun kafin shuka, sannan na sa sha shidan da suka rage. Wannan karon fararen ne a can cikin gindin mangwaro inda rana ba ta kaiwa sai ɗan hasken safiya, jajayen a ƙarƙashin zana, waɗanda na cire wa ido a layin gaba. Yankakkun na ɗan rage musu zurfi, kuma ba zan ba su ruwa da hannu ba sai sun leƙo. Sakatar shingen ta yi tsatsa, gobe zan canza ta, domin autan ya ƙara tsawo.